Sunan da Inna Bara'atu Ba Ta Faɗa

"Siddiƙu!"

Takalmi ɗaya ya cire, ɗayan yana ƙafarsa, lokacin da kiran ya same shi a zaure. Dawowarsa ke nan daga kasuwa, warin albasa bai bar rigarsa ba, la'asar ta yi amma bangon zauren yana nan da zafi kamar an sauke shi daga murhu. Ya tsaya da takalmin a hannu. Muryar ya san ta, ta uwarsa ce. Sunan ma nasa ne. Amma a shekarunsa hamsin da 'yan kai bai taɓa jin wannan suna ya fito daga wannan baki ba.

"Siddiƙu! Kana ina?"

Ya shiga tsakar gida da ƙafa ɗaya a takalmi. Inna Bara'atu tana durƙushe gaban randa, ba ɗankwali, farin gashinta a waje, ta cire murfin tana leƙawa ciki. An buɗe kwanuka duka, an janye tabarma, har buhun gero an ture shi daga jikin bango. Matarsa Sadiyatu tana tsaye bakin madafa da ludayi a hannu. Ƙanwarsa Balkisu, wadda aka kira ta waya daga gidan mijinta a Minanata, ta toshe bakinta da mayafi.

"Na'am, Inna," in ji Siddiƙu. Muryarsa ta fito ƙarama. "Ga ni."

Tsohuwar ta ɗago ta dube shi sosai, ido cikin ido, abin da shi ma ba ta taɓa yi ba. Sai ta lalubo gefen zanenta ta rufe kai.

"Sannu, bawan Allah. Ba ka ga wani yaro ba a hanya? Ɗan baƙi, bai daɗe da yaye ba. Siddiƙu sunanai."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," Balkisu ta ce cikin mayafi. "Yaya, ka ji? Ta sake hwaɗi."

Wanda bai tashi cikin irin gidajenmu na Sakkwato ba zai ce mene ne abin salati a nan. Siddiƙu ɗan fari ne, matan zamanin Inna Bara'atu kuwa kunyar ɗan fari suke yi. Ba su kiran sunansa, ba su yi masa wasa, ba su zama su yi hira da shi. Wasu sukan sassauta idan girma ya zo. Ita ba ta sassauta ba. Ranar da aka yaye shi aka ɗauke shi aka kai wa ƙanwar ubansa, Gwaggo Rabi, a wani lungu kusa da Hubbare, wurin kaburburan waliyyai da ake ziyarta, a can ya girma, ya yi karatun allo, ya fara bin masu albasa. Sai da ubansa ya rasu ya dawo gidan nan na Runjin Sambo da matarsa, don kada a bar tsohuwa ita kaɗai. Tun daga nan sunansa a bakinta ɗaya ne: na Hubbare. Ko mai sayar da ruwa ya zamana sunansa Siddiƙu, sai ta ce a kira mata mai sunan na Hubbare.

Magana kuma sai ta wani. Suna zaune tabarma ɗaya ce tsakaninsu, sai ta juya wajen Sadiyatu ta ce, "Ce ma na Hubbare an ce gishiri ya ƙare." Idan ba kowa a gidan, akwai kunkuru.

Kunkurun ya girmi Balkisu. Marigayi ubansu ne ya tsinto shi a hanyar wani ƙauye ya kawo shi cikin hula, ya zauna a gidan ya ƙi mutuwa. Yana da ɗigon shuɗin fenti a baya tun shekarar da aka yi wa ƙofa fenti, kuma da bazara ba ya barin gindin randa, inda ƙasa ke da damshi. Da yawan ranaku Siddiƙu yakan dawo ya tarar da gida ba kowa sai uwarsa, ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango, sannan ta sunkuya wajen randa ta ce, "Kai tsoho, ce ma mutumin ga tuwonai na hucewa." Shi kuma ya ce wa kunkurun, "Ce mata na gode." Haka suka yi shekaru, su uku. Idan abokai suka tsokane shi yakan yi dariya ya ce ai tarbiyya ce ta mutanen da. Bai taɓa gaya wa kowa cewa yakan tsaya a zaure wani lokaci yana sauraron yadda take kiran Balkisu ba, yadda take jan ƙarshen sunan kamar ba ta son ya ƙare.

Mantuwa ta ɗan jima tana taɓa ta. Takan sa gishiri sau biyu, takan nemi carbinta yana wuyanta. Kowa ya ce tsufa ne. Amma na ranar nan daban ne, da safe lafiya lau ta yi sallah ta sha koko, kafin azahar ta fara buɗe kwanuka.

Bayan magariba Siddiƙu ya fita dakalin ƙofar gida wajen maƙwabcinsu Malam Na'Allah, dattijo mai kiwon tattabaru, wanda ba a yin ciwo a layin bai ba da shawara ba. Labari ya riga ya kai masa ta katanga.

"Da kunnenka kaj ji?"

"Da kunnena, Malam."

"Sunanka? Bara'atu?" Malam Na'Allah ya girgiza kai. "Ni na san matar ga tun tana amarya. Wallahi da a ce ta hwaɗi sunan ga gara a yanke mata halshe. Wagga ba ita ta ba. Wani na cikinta."

"Sadiyatu ta ce ko asibiti..."

"Asibiti! Kai dai albasa kas sani. Wace allura ka shiga jikin mutum ta maido mai kunya? Kunya ba jini ta ba, balle a ƙara mata leda guda. Iska na. Ta zubda ruwan zahi bakin magudana ba bisimilla, ko ta taka musu ɗa."

Balkisu ma haka ta gani. Da Inna ta manta sallah, ko ta fita ba takalmi, da sun ce ciwo ne. Amma sunan nan ya rufe musu ido, don a wajensu ba wani ciwo da zai sa Inna Bara'atu ta faɗe shi sai dai in ba ita ke magana ba.

Washegari aka kawo wani matashin malami mai ruƙiyya, da lasifika ƙarama a aljihu da kwalbar man habbatussauda. Aka zaunar da ita, aka lulluɓe ta, aka yi hayaƙi har tattabarun Malam Na'Allah suka tashi daga kan katanga. Ya yi karatu mai tsawo da murya mai daɗi, sannan ya daka tsawa.

"Wane ne kai? Faɗi sunanka!"

"Ni ta Bara'atu," ta ce daga cikin zane, tana tari. "Ɗiyar Jelani majemi. Malam, cikin yawonka ba ka ga yarona ba?"

"Kun ji ko? Haka suke, sun iya ƙarya." Ya rufe kwalbarsa. "Mai taurin kai ne. Sai an yi ta maimaitawa."

Aka yi ta maimaitawa. Aka yi rubutu ta sha, wani ta zubar. Ba ta cin abinci sai an matsa, ruwa ma sai ta kurɓa ta ajiye ta ce a bar wa yaro. Ta ɗauki taɓarya ƙarama ta goya, can ta kwance ta duba fuskarta, ta ajiye a hankali ta ce wannan ba shi ba ne. Sadiyatu ta zama "yarinyar makwabta", Balkisu wata rana ƙanwarta ce da ta rasu tun da daɗewa, wata rana ba kowa ba ce. Kunkuru kaɗai ba ta ɓata ba. Takan zauna gabansa ta ce, "Tsoho, kai da ba ka zuwa ko'ina, ina anka kai Siddiƙu?"

Siddiƙu ya daina zuwa kasuwa. Ya ce wa abokan cinikinsa jinya yake yi, kuma jinyar yake yi, amma ba ita kaɗai ba. Ya samo wuri a bayan ƙyauren ɗakinta inda ba ta ganinsa, ya shimfiɗa buzu. Duk lokacin da ta kira, sai ya amsa a hankali yadda ba wanda zai ji. Ta iya kiran sunan iri-iri. Akwai na faɗa, akwai na lallashi, akwai wanda take rerawa kamar waƙar daka. Ashe duk tana da su, ajiye suke. Wata rana da hantsi, da ya ga ba kowa, ya matse murya kamar ta yaro ya ce, "Na'am, Inna." Ya ji ta yunƙura da sauri har kwano ya faɗi. Ta fito da fuska a washe, hannu biyu a miƙe, ta yi karo da mutum mai furfura a gemu durƙushe bayan ƙyaure. Hannuwan suka sauka.

"Bawan Allah, kai ma ka ji shi? Nan-nan yay yi magana."

Bai sake yin haka ba.

Sadiyatu ce ta tare shi a madafa, ta rage murya saboda Balkisu.

"Baban Hafsat, ni ka wanke Inna, ni na san abin da nika gani. Jikinta awa garwashi. Hitsarinta ya sake kala, ga wari, kuma in za ta yi sai ta riƙe mara. Aljani na sa haka?"

"Malam ya ce a ƙare rubutun ga tukuna."

"A ƙare shi a asibiti mana. An hana shan rubutu can?"

"Na ji. Gobe."

"Jiya ma gobe kac ce."

Ya fita. A bakinsa dalilin shi ne rubutu, da maganar Malam Na'Allah, da kada Balkisu ta ce ya raina addu'a. Can ƙasa kuwa akwai wani dalili da ba ya son dubawa. Idan likita ya ba ta magani ta warke, za ta ɗaura ɗankwalinta, ta juya wa bango fuska, sunan ya koma inda ya fito. Yana so ta warke, Allah ya sani. Yana dai so kafin nan, ko sau ɗaya, ta kira sunan tana kallonsa, ta san shi ne. Kullum yana ganin kamar saura kaɗan. Gobe, wataƙila.

Ranar Juma'a ta tashi da wani irin natsuwa. Ta yi wanka da kanta, ta nemi mayafinta mai ruwan ƙasa, ta zo ta tsaya a kansa.

"Bawan Allah, kai na ga kana da kirki. Yau Juma'a. Raka ni Hubbare, ziyara za ni."

Balkisu ta ce ina, a wannan rana, da wannan jiki. Malam Na'Allah ya leƙo ta katanga ya ce a bar ta, ai wurin waliyyai ne, in mai taurin kan ya ji ƙamshin wurin da kansa zai gudu. Siddiƙu ya tare keke mai ƙafa uku.

Hanya ta cika da masu shirin masallaci. Ta zauna a gefensa ta takure don kada jikinta ya taɓa na baƙon namiji, zafin jikin nata kuwa yana jin sa ta cikin riga. Da suka sauka bai ga ta nufi ƙofar Hubbaren ba, inda masu carbi da turare da dabino suka baza kaya, baƙi daga nesa suna cire takalma. Ta ratsa ta gefe, ta shiga lungu, tana tafiya kamar ƙafafunta sun fi kanta sanin hanya. Shi ma ya san lungun. Gidan Gwaggo Rabi an sayar da shi tun bayan rasuwarta, zauren ya zama shagon cajin waya, janareta yana ta kuka a bakin ƙofa.

Ba ta je ƙofar ba. Ta tsaya nesa kaɗan, bayan wani tsohon dogon yaro da aka sare wa rassa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Nan nika tsayawa," ta ce da raɗa. "Matso, kar a gane mu. In ce ma mutanen gida za ni ziyara, in zo nan. Yanzu za shi hito. Shina da wata mota ta gwangwani da yaka ja da zare."

Siddiƙu ya tuna motar. Gwangwanin madara ne da murafun kwalba.

"Kullum kina zuwa, Inna?"

"Duk Juma'a. In gane shi, in koma." Ta leƙa ƙofar shagon, inda wasu samari ke gardamar ƙwallo. "Rannan ya hwaɗi. Can, bakin kwatar can. Dutse ya sare mai gira, jini har cikin ido. Shina kuka shina waige-waige. Ni ina nan. Ga mata zaune ƙohwar gidan liman, duk sun san ni. In na ruga na ɗauke shi, kahin in kai gida an ce ɗiyar Jelani ba ta da kunya." Ta ɗaga gefen mayafin. "Wanga nac ciza. Har ya huje. Sai Rabi ta hito ta ɗauke shi."

Janareta ya yi tari ya ci gaba. Siddiƙu ya cire hularsa, ya durƙusa a gabanta cikin ƙasa, a tsakiyar lungu, mutane suna wucewa da dardumar sallah a kafaɗa suna kallonsa. Ya kama hannunta ya kai girarsa ta hagu, inda gashi bai sake fitowa ba.

"Inna, taɓa nan. Duba da kyau. Ni na. Ni na Siddiƙu."

Yatsunta suka bi tabon a hankali, suka koma, suka sake bi. Bai san hannunta haka yake ba, da kaushi a tafin, da taushi a kan yatsu. 

"Assha," ta ce. "Kai ma ka taɓa hwaɗuwa? Sannu. Uwarka na nan sa'ad da kah hwaɗi?"

"Tana nan."

"Ta ɗauke ka?"

Ya girgiza kai.

"To ka yi haƙuri da ita." Ta janye hannunta ta mayar cikin mayafi, ta sake leƙa ƙofar. "Yau ya daɗe bai hito ba. Ko ba shi da lahiya?"

Ana kiran sallah ƙafafunta suka saki. Ya tare ta kafin ta kai ƙasa, ba ta fi nauyin rabin buhu ba. Bai koma gida da ita ba, ya tare mai keke ya ce a wuce asibiti.

Likitar yarinya ce mai tabarau, ba ta girmi 'yarsa Hafsat da yawa ba. Ta duba, ta sa aka ɗibi jini da fitsari, aka ɗaura ruwa. Da yamma ta kira shi gefe.

"Baba, yaushe ruɗewar nan ta fara?"

"An kwana biyu."

"Kwana biyu na gaske, ko na mutanenmu?"

Ya sunkuyar da kai. Ta cire tabarau ta murza ido.

"Mantuwar da take yi a da, wannan ciwon tsufa ne na ƙwaƙwalwa, ba mu da maganin da zai warkar da shi, sai dai kulawa. Amma wannan da ta rikice rana ɗaya, ciwo ne ya kama mata mafitsara, ga zafi, ga ba ta shan ruwa. Tsofaffi haka yake musu, sai ya bugi kai. Da an kawo ta da wuri, magani ne na 'yan kwanaki. Yanzu ya shiga jini, ƙodarta ta gaji. Za mu yi iya yinmu."

"Da an kawo ta da wuri," ya maimaita.

"Me ya hana?"

Ya buɗe baki zai ce rubutu, sai ya rufe. Sadiyatu tana tsaye nesa kaɗan da kwanon abinci, ba ta dube shi ba, kuma har yau ba ta taɓa tayar masa da maganar ba.

Kwanaki suka wuce tana kwance, ido a rufe, leɓɓanta a bushe. Ba ta kiran kowa. Malam Na'Allah ya zo dubiya da ledar lemo, ya tsaya daga ƙofa ya ce ai ko asibitin ma sai da addu'a, ya tafi da wuri. Siddiƙu yana zaune a kujerar roba kusa da kanta yana kore mata ƙuda da hula.

Wata safiya, bayan an sauya ledar ruwa, ta buɗe ido. Idon ya yi tas, irin na da. Ta dubi silin, ta dubi ƙarfen da aka rataye ruwan, ta dubi Balkisu.

"Balkisu. Mi muka yi nan?"

"Inna! Kin gane ni?"

"In ƙi gane ki don mi? Ina ɗankwalina? Kun bar ni kai buɗe cikin mutane."

Balkisu tana kuka tana dariya ta ɗaura mata. Siddiƙu ya miƙe tsaye, ya matso inda za ta gan shi. Idonta ya sauka a kansa. Ya ga ta gane shi, bai yi shakka ba, ya gani sarai a cikin ƙiftawa ɗaya. Sai ta sauke ido, ta juya fuska wajen bango.

"Ce ma na Hubbare, wa yab bar ma rumfa?"

Balkisu ta dube shi. Ya durƙusa a bakin gadon ya riƙe ƙarfen da hannu biyu.

"Inna, ki yahe mani. Ni nay yi sakaci da ke. Inna, dube ni. Don Allah, ko sau guda."

Ba ta motsa ba har ya ɗauka ta koma barci. Yana ganin gefen fuskarta, da jijiyar wuyanta tana bugawa, da yatsunta suna murza bakin zanen gado.

"Ce mai bai yi min komi ba," ta ce wa bango. "Ce mai Allah shi yi mai albarka, duniya da lahira. Ce mai shi tashi, babba da shi, mutane na kallo."

"Yaya, ka ji," in ji Balkisu.

"Na ji."

"Ce mai shi tahi kasuwa. Zahin ga na ɓata albasa."

Bai taɓa ƙin bin saƙonta ba. Ya tashi, ya sa hula, ya tsaya a ƙofar ɗakin ya ɗan jira. Wata mata a gadon kusa tana kiran ɗanta ya miƙo mata buta. Ya fita.

Bai kai kasuwa ba. Yana cikin keke, a cunkoson wata mahaɗa, waya ta yi ƙara a aljihunsa, ya ga sunan Balkisu, ya san ko mene ne tun bai ɗauka ba.

Aka yi mata sutura a gida, aka sallace ta bayan la'asar. Mutanen layi sun fito sosai. A hanyar dawowa daga maƙabarta Malam Na'Allah ya riƙe hannunsa yana cewa, "Ka gani ko? Da abin ya sake ta, kunyarta ta dawo. Da mutuncinta tat tahi. Matan ga sun ƙare, Siddiƙu, ba a sake irinsu." Siddiƙu ya ce haka ne.

Sai da aka watse daga zaman gaisuwa na kwana uku ya sami Balkisu ita kaɗai tana naɗe kayan Inna. Mayafin mai ruwan ƙasa yana saman tulin.

"Bayan na hita, ta ce wani abu?"

"Ta yi kalmar shahada, Yaya. Alhamdu lillahi, da bakinta."

"Kahin nan."

Balkisu ta ajiye zanen da ke hannunta tana tunani.

"Ta tambaya ko ka tahi. Nac ce ka tahi. Tac ce in leƙa in tabbata. Na leƙa, na dawo nac ce ba ka nan. Sai ta juyo ta dubi ƙohwa, bakinta ya motsa."

"Mi tac ce?"

"Wallahi ban ji ba. Ana turo gadon wani, ƙahwahunai na ƙara. Na sunkuya nac ce, Inna mi kinka ce? Tac ce ba da ni take ba."

Ya tsaya kaɗan, sannan ya fita tsakar gida. Rana ta yi sanyi. An share wurin, an jera kwanukan makwabta da aka kawo abincin sadaka, kowanne da murfinsa, suna jiran a mayar. Sadiyatu tana madafa, ana jin ƙarar muciya. Ya tsinko ganyen latas daga kwando ya je gindin randa ya tsuguna.

Kunkurun yana nan cikin damshi, ɗigon shuɗin fentin ya dushe. Ya ajiye masa ganyen. An daɗe kafin kan ya fito, a hankali, da tsohon wuyansa mai tamoji. Bai kula ganyen ba. Ya ɗaga kai ya dubi Siddiƙu da ƙananan idanunsa masu ruwa, ya buɗe baki, ya rufe.

Siddiƙu ya gyara tsuguno, ya matso kusa, yana jira.